Yatsan Aro

Rajistar masu zaɓe ce aikin farko da Auta ya samu tun da ya gama sakandare. Shekara uku yana zaune. Sai hukumar zaɓe ta ce ta soke tsohuwar rajista, kowa ya zo ya sake sabuwa, kuma tana neman matasan da suka iya kwamfuta su yi mata aikin wata ɗaya. Ya cika fom, aka kira shi, aka koya musu aikin cikin kwana huɗu. Aka ba shi riga mai tambarin hukuma, wadda ta yi masa yawa a kafaɗa.

A wani aji na makarantar firamare aka ajiye su. Tebur biyu, benci uku, allon da ba a goge lissafin yara ba. An rataya farin ƙyalle a bango don ɗaukar hoto. A kan teburin Auta akwai kwamfuta, da kyamara, da wata 'yar na'ura mai gilashi a sama, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Mutum zai zauna ya faɗi sunansa da shekarunsa da sana'arsa, a ɗauke shi hoto, sannan ya ɗora yatsunsa a gilashin ɗaya bayan ɗaya. In na'urar ta kama zanen yatsa, fitilarta ta yi kore. In ba ta kama ba, ja. Goma ake so, amma ko biyu suka samu kwamfutar tana yarda a wuce.

Wanda ko ɗaya bai samu ba yana da fom ɗinsa daban, rawaya. A samansa an rubuta da manyan baƙaƙe: Masu Nakasar Hannu. Shugabar cibiyar ce take sa masa hannu, mutum ya kai babban ofis da ƙafarsa. A wata guda sau biyu kawai Auta ya ga an cika shi: wani da injin niƙa ya cinye wa yatsu, da wata tsohuwa da wuta ta taɓa ƙonawa.

Baban Auta magini ne. Shekara arba'in da 'yan kai yana ɗora bulo a kan bulo, har sunansa na gaskiya ya ɓace, unguwa duka Magini take ce masa. Bai yi boko ba. Ba ya zuwa taron siyasa, ba ya karɓar hular kowa. Amma bai taɓa barin zaɓe ya wuce shi ba. Yakan ce duk rayuwarsa gaya masa ake yi: ƙara tsayi nan, rage faɗi can, rushe wannan ka sake. Ranar zaɓe ce kaɗai ake tsayawa a tambaye shi me yake so.

Sai ranar ƙarshe ya zo rajistar. Ya ce ba zai zo da wuri a ce ya ci albarkacin ɗansa ba. Ya karɓi lamba a ƙofa kamar kowa, ya tsaya a rana tun hantsi, shi da amininsa Tela. Tun suna samari suke tare, kuma ba su taɓa zaɓen jam'iyya ɗaya ba. Tela yakan ce su biyun da gida suka zauna da duk ɗaya ne, tunda kowa zuwa yake ya kashe ƙuri'ar ɗan'uwansa.

Ƙarfe uku ta wuce lokacin da layi ya kawo su. Shugabar cibiyar ta fita nemo man janareto. Abokin aikin Auta yana bakin ƙofa yana rigima da masu tsallake layi. Tela ne ya fara zama, cikin minti biyar aka gama da shi, yatsu goma duk kore.

"Ka gani ko?" ya ce da Magini. "Hannun mai sana'a ke nan. Na'ura ma ta san mutane."

"Hannun da bai taɓa ɗaga abin da ya fi allura nauyi ba," in ji Magini. Ya zauna, ya gyara wuyan rigarsa. "To malam ma'aikaci, tambaye ni."

"Baba, ai na san komai."

"Tambaye ni dai. Yadda ka tambayi kowa."

Auta ya tambaye shi suna, ya faɗa. Shekaru, ya faɗa. Sana'a, ya faɗa da ƙarfi yadda na ƙarshen benci zai ji. Aka ɗauki hoto. Sannan ya ɗora babban yatsansa na dama a gilashi.

Ja.

Auta ya goge gilashin da gefen rigarsa. Suka sake. Ja. Manuniya, ja. Na tsakiya, ja. Ya ce masa ya goga yatsan a goshi ya samu maiƙo, dabarar da suke yi wa tsofaffi. Magini ya goga. Ja. Aka kawo ruwa a murfin gora ya tsoma. Ja.

Sai a lokacin Auta ya kalli hannun da kyau. Ya juya shi a nasa. Siminti ya cinye komai. Kan yatsun sumul suke kamar bayan cokali, fatar ta yi kauri ta yi fari-fari, sai tsage-tsagen da suka warke suka sake tsagewa. Babu wani zane da ya rage. A gida ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, amma bai taɓa lura ba.

"Na'urar ta ce ba ta san ka ba," in ji Tela daga bayansa. "Ta ce wannan ba yatsa ba ne, bulo ne."

Benci ya yi dariya. Magini ma ya yi, amma Auta ya ji hannun ya ɗan ƙame a nasa. Daga waje wani ya ɗaga murya yana cewa a sallami tsohon nan mana, ƙarfe biyar za a rufe. Wata ta ce ai babansa ne, shi ya sa ake ta lallaɓa shi.

Fom ɗin rawaya yana cikin aljihun tebur. Auta ya ja aljihun, ya ga manyan baƙaƙen nan, ya mayar. Ya hango kansa yana rubuta sunan babansa a ƙarƙashinsu. Ya hango Tela yana leƙowa ya karanta, domin Tela ya iya karatu, gobe kuma duk bakin titi a ji. Mutumin da har yau yake hawa bene da buhun siminti a kafaɗa.

Bai yi dogon tunani ba. Ya tashi ya zagayo teburin, ya kama hannun babansa, ya rufe shi da nasa kamar mai taya shi dannawa. Magini ya juya yana mayar wa Tela da magana. Auta ya zura manuniyarsa ta ƙarƙashi, ya ɗora a gilashi.

Kore.

"Kawo ɗayan, Baba."

Ya sake yi da hagu. Kore. Kwamfutar ta yarda. Injin buga takarda ya turo 'yar takardar shaida mai hoto da lamba, Auta ya yage ya miƙa masa.

"Ina mai cewa ba a san ni ba?" Magini ya ɗaga takardar a fuskar Tela. "Sai da gwani ya taɓa ta tukuna. Kai a hannun kowa za ka wuce, ni sai da ɗana."

Ya ninke takardar biyu ya sa a aljihun ƙirji. Da zai fita ya dafa kafaɗar Auta sau ɗaya. Ba ɗabi'arsa ba ce.

Auta ya san an gaya musu a wurin horo cewa a babban ofis akwai kwamfutar da take gwada yatsun kowa da na kowa. Ya kuma san shi da kansa ya yi rajista tun ranar farko, da yatsu goma. Amma ya ce a ransa, mutum miliyan nawa? Wa zai ga yatsu biyu a cikin wannan taron?

Bayan sati shida aka kafe sunaye a bangon makarantar. Sanarwa ta ce kowa ya je ya duba, mai ƙorafi yana da kwana bakwai. Auta ya tafi da sassafe kafin mutane su taru. Ya bi takardun da yatsa daga farko har ƙarshe. Ya ga Tela. Ya ga maƙwabtansu. Ya sake bi daga ƙarshe zuwa farko.

A can kusurwa, kusa da tagar da ta karye, akwai wata takarda guda ita kaɗai. An rubuta: Waɗanda Aka Cire Saboda Rajista Fiye Da Ɗaya. Sunaye tara ne. Na huɗu nasa. Na biyar na babansa.

Ya duba dama ya duba hagu. Mai gadi yana can yana shara. Ya ɓalle takardar daga bango, ya ninke ta ƙanana, ya cusa a aljihu.

Da yamma Magini ya dawo daga aiki, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana jiƙa hannuwansa a ruwan ɗumi kamar kullum.

"An ce an kafe sunaye."

"An kafe."

"Ka je?"

"Na je."

"Nawa yana nan?"

Ruwan da ke cikin robar ya yi fari da ƙurar siminti. Auta shi yake kallo.

"Yana nan, Baba."

"To madalla. Ka hutar da ni."

Washegari ya tafi babban ofis. Ya zauna a bencin masu ƙorafi har aka zo kansa, ya ce wani abokinsa ne ya aiko shi tambaya. Jami'in bai ko ɗago kai ba. Ya ce gyaran ba wuya. Mutanen biyu su zo tare, a sake ɗaukar yatsunsu a gabansa. Wanda aka yi wa ba da saninsa ba, a mayar da sunansa nan take. Ma'aikacin da ya yi rajistar kuma ya rubuta bayani, a tura wa 'yan sanda, hukuma ba za ta ƙara ɗaukarsa aiki ba.

"Ka ce wa abokin naka ranar Litinin ake rufewa," ya ce. "Na gaba."

Ba 'yan sandan ne suka fi tsaya masa a rai ba, ko da yake sun tsaya. Abin da ya kasa shi ne tafiyar. Daga gida zuwa ofishin rabin awa ne a ƙafa, kuma dole ya fara gaya wa Baba dalilin tafiyar. Ranar Laraba ya ce gobe. Ranar Alhamis Baba ya dawo a gajiye, an rushe masa katangar da ya wuni yana yi, ya ce ba yau ba. Ranar Juma'a Tela ya zo hira, Baba ya sake ba da labarin yadda na'ura ta ƙi shi sai da ɗansa ya taɓa ta. Asabar da Lahadi ofis a rufe, ya ji sanyi a ransa, ya kuma ji kunyar sanyin. Ranar Litinin ya tashi ya yi wanka ya sa takalmi. Ya tarar da Baba a tsakar gida yana ɗaure cokalin gini da igiyar awo a bayan keke.

"Ina zuwa da sassafe haka?"

"Babu ko'ina."

"To ka sayo mana kalanzir." Ya tura kekensa ya fita.

Auta ya sayo kalanzir.

Da aka fara raba katin zaɓe, Tela ya karɓo nasa ya zo yana fifita da shi. Magini ya tambayi Auta ina nasa. Auta ya ce wasu katunan sun makara a wurin bugawa, amma an ce takardar shaida ma ta isa. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita. Ya lura da haka, bai ji daɗi ba.

Daga nan sai ya koma fata. Ko a ɗage zaɓen. Ko a kira Baba aiki a wani gari. Har ya kama kansa wata rana yana fatan zazzaɓi, ɗan kaɗan, na kwana biyu. Ba a ɗage komai ba, Baba kuma lafiyarsa ƙalau.

Ranar zaɓe Magini ya riga kowa tashi. Ya yi aski tun jiya. Ya sa farar rigarsa ta fita, ya taɓa aljihun ƙirji ya ji takardar tana nan.

"Baba, yau za a yi rana."

"Ni za ka gaya wa rana? Sa takalminka."

Auta ya ce a ransa zai faɗa kafin su kai kwanar titi. A kwanar titi Tela yana tsaye yana jiransu, da kujerar ninkewa a hammata.

A makarantar nan dai aka kafa rumfar zaɓen, amma a fili, ƙarƙashin bishiya. An ja igiya. Tebur ɗaya na tantancewa, ɗaya na ba da takardar ƙuri'a, sai ɗan akurkin kwali inda mutum zai ɓuya ya dangwala, da akwatin roba mai haske a tsakiya inda kowa yake gani. Wakilan jam'iyyu suna zaune a benci da littattafansu. Ɗan sanda ɗaya yana jingine da bango. Awa uku suka yi a layi. Tela ya miƙa wa Magini kujera sau biyu, ya ce shi ba tsoho ba ne.

Jami'ar da ke teburin tantancewa yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba, da ganin yadda take riƙe biro malamar makaranta ce. Ta karɓi takardar da hannu biyu.

"Baba, babu katin?"

"An ce wannan ma ta isa."

Ba ta yi musu ba. Ta ce bari ta duba rajista, in sunansa yana ciki za ta tambayi shugabanta abin da za a yi. Ta buɗe babban littafin, ta bi da biro. Ta juya shafi, ta dawo. Sannan ta tafi shafukan ƙarshe. Auta ya ga inda bironta ya tsaya.

Ta sunkuyo ta yi magana a hankali.

"Ɗaga murya, 'yata. Injin kwaɓa siminti ya cinye min kunne ɗaya."

Ta sake faɗa, ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba."

"An cire sunanka, Baba," ta ce, wannan karon yadda za a ji. "An rubuta ka yi rajista sau biyu."

Ɗaya daga cikin wakilan jam'iyyun ya miƙe tsaye. "Kun ji ko? Sau biyu. Da furfurarsa." Maganar ta bi layi har ƙarshe. Wani ya ce tsofaffin nan su ne gwanayen abin. Wani ya yi dariya. Tela ya buɗe baki, da alama wata tsokana ce ta zo masa, ya kalli fuskar amininsa ya rufe.

"Ni?" in ji Magini. "Ni na yi sau biyu?"

"Haka aka rubuta, Baba. Ba ni na rubuta ba."

"To wa ya rubuta? Littafin a hannun wa yake?" Ya nuna ta da yatsa. "Tun ba a haifi uwarki ba nake zaɓe. Sau ɗaya nake yi, in tafi gida. Ku ne kuke zama ku share sunayen mutane. Nawa aka ba ki? Faɗa min, nawa aka ba ki a kaina?"

Auta bai taɓa jin babansa ya yi wa 'yar wani magana haka ba. Yarinyar ta ajiye biro. Idonta ya kawo ruwa, ta ƙi bari ya zubo.

"Ga wanda ya yi min rajistar nan," Magini ya juyo ya kamo hannun rigar Auta. "Ɗana ne. Ma'aikacinku ne. Da hannunsa ya yi min, da idonsa ya ga sunana a bango. Auta, gaya mata."

Duk layin ya zuba masa ido. Yarinyar ma ta kalle shi, kallon mai neman a cece ta.

"Ni na yi masa," ya ce. "Wataƙila na'ura ce ta yi kuskure."

Ɗan sandan ya taso daga jikin bango. Bai yi tsawa ba. Ya ce Baba ya yi haƙuri ya matsa gefe, mutane suna jira, in yana da ƙorafi ofis yana nan bayan zaɓe. Magini ya ɗauki takardarsa daga kan tebur. Sai da ya yi sau biyu kafin ya iya saka ta a aljihu.

Tela ya biyo su har bakin igiya. "In ba ka yi ba, ni ma na fasa."

"Koma ka yi abinka."

"To ƙuri'ar wa zan kashe?"

"Ka koma, na ce. Kar ka ƙara min da naka."

Suka fito titi su biyu. Babu mota ko ɗaya, an hana zirga-zirga, shaguna duk a kulle. Magini yana gaba yana tafiya da sauri, yana magana shi kaɗai. Zai je ofishin. Zai je da Auta, ya tsaya a gaban babbansu. Zai sa a kira yarinyar nan ta faɗi wanda ya sa ta. A gaban wani shagon gyaran waya mai rumfar kwano ya tsaya cak.

"Tsaya. Kai ai ba ka yi naka ba."

Auta ya tsaya a bayansa.

"Koma. Ba za su ci biyu a gida ɗaya ba. Je ka yi, ina nan ina jiranka."

"Nawa ma babu, Baba."

"Kai ma sun cire ka?"

"Ba su ba ne."

Ya faɗa. Bai ɗauki lokaci ba, abin da ya kasa faɗa wata biyu bai kai minti biyu ba. Na'urar da ta ƙi. Fom ɗin rawaya. Yatsansa a ƙarƙashin hannun Baba, dama da hagu. Yana magana yana kallon kwatar da ke gefen titi.

Magini bai katse shi ba. Da ya gama, ya ɗaga hannuwansa biyu ya duba kan yatsun, kamar wanda aka ba shi ajiyar wani.

"Fom ɗin nan, me ka ce an rubuta a kai?"

"Masu nakasar hannu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Da ka tambaye ni." Ya sauke hannuwan. "Da na dangwala musu, in kai ofis da ƙafata. Takarda ce. Hannun da ya biya maka makaranta, takarda ce za ta nakasa shi?"

"Na ji kunyar Tela ya gani."

"Tela ya ga abin da ya fi wannan a kaina." Ya dubi Auta. "Wannan dai ka yi wauta, amma na gane ta. Yaushe ka san an cire?"

Auta ya so a ce ba a yi wannan tambayar ba.

"Ranar da aka kafe sunaye."

"Ranar da na tambaye ka."

"E."

"A lokacin ana iya gyarawa?"

"Ana iyawa."

"Kwana nawa aka bayar?"

"Bakwai."

Magini ya gyaɗa kai a hankali. Bai zage shi ba. Auta ya jira zagin, har ya ƙosa ya zo. Wata akuya ta tsallaka titin da babu kowa, ta tsaya a tsakiya, ta wuce.

"Yarinyar nan," in ji Magini. "Na ce mata an saye ta. A gaban jama'a. Kana tsaye."

Ya juya ya kama hanyar makarantar. Auta ya bi shi.

"Kai tsaya nan."

"Baba, bari ni in je in faɗa musu."

"Lokacin faɗarka ya wuce. Tsaya nan."

Auta ya tsaya a bakin ƙofar makarantar, a waje. Ya zaci Baba zai wuce kai tsaye wurin teburin. Bai wuce ba. Ya tafi ƙarshen layi ya tsaya a bayan wata mai goyo, hannuwansa a baya. Layin ya fi na safe tsawo, rana kuma ta take. Masu fitowa suna wucewa ta gaban Magini da tawada a yatsa, wasu suna nuna shi da baki. Tela ya fito, ya je ya yi masa magana, ya buɗe masa kujerar. Magini ya girgiza kai. Tela ya ninke kujerar ya tsaya kusa da shi.

Sai da aka kusa rufewa layi ya kai shi. Yarinyar ta ɗago ta gan shi, ta ja baya a kujerarta. Daga inda Auta yake ba a jin komai. Ya ga Baba ya sunkuya, ya dafa teburin da hannu biyu, ya daɗe yana magana. Ya ga ta tambaye shi wani abu, ta waiga tana duban wajen ƙofa. Baba bai waiga ba. Ya girgiza kai, ya ƙara faɗin wata magana, ya miƙe.

Auta bai taɓa sanin abin da ya gaya mata ba. Bai tambaya ba, ba a gaya masa ba. Babu ɗan sandan da ya zo gidansu. Baba bai ƙara tayar da zancen ba, ko da aka faɗi sakamako, ko bayan nan. Auta yana gaishe shi da safe, ya amsa. Kwano ɗaya suke ci har yanzu.

Sai dai tun Auta yana aji huɗu na firamare shi yake karanta wa babansa duk takardar da ta shigo gidan: ta wuta, ta asibiti, zanen gini, saƙon waya. Bayan sati biyu da zaɓe mai kawo takardar ruwa ya zo. Auta yana zaune a tsakar gida, ya miƙa hannu. Magini ya karɓi takardar, ya ninke ta, ya sa takalmi, ya tafi shagon Tela.